Kurmin Cibiya na Apu Leisongi

Tawa kwakwar ita ce ta bakwai a layin farko, in ka shiga kurmin ta ƙofar da ke kallon teku. Ta ɗan karkace wajen hagu. Apu Leisongi ta sha gaya mini cewa tun itacen yana tsiro ta san ba zan ji magana ba, don sau uku tana ɗaure shi da sanda yana kaucewa. Ni dai ban ga laifin karkacewar ba, tunda har yau ta fi maƙwabtanta 'ya'ya.

Apu, wato kaka, haka kowa ke kiranta a ƙauyenmu Matarua, har da waɗanda suka girme ta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da lofe a bakinta, galibi ma babu taba a ciki. Ita ce ungozomarmu fiye da shekara arba'in, kuma ba ta taɓa bari wani ya manta da haka ba. In ka ɗaga mata murya sai ta dube ka sama da ƙasa, ta tuna maka cewa ta gan ka ranar da ba ka da ko wando.

Ba a nan aka haife ta ba. Shekarar da dutsen Ambrim ya yi aman wuta ya cinye ƙauyuka, wani jirgin masu sayen busasshiyar kwakwa ya kwaso mutane, ya sauke waɗansu a bakin ruwanmu don su sha iska. Da suka koma jirgi ya tashi, sai aka ga jaririya a cikin kwando ƙarƙashin inuwa, ba wanda ya san ta wace ce. Tsohuwar ungozomar lokacin ta ɗauke ta, matan unguwa suka shayar da ita bi da bi, ta tashi ta gaji sana'ar. Ta yi aure, mijin ya tafi aikin jirgi bai dawo ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. In ana hirar asali sai ta ce ita ba haifar ta aka yi ba, sauke ta aka yi tare da buhuna. Tana faɗa tana dariya, mu ma mu taya ta, ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi fuskarta.

A wajenmu in cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, binne ta ake yi tare da kwakwa mai tsiro. Itacen da ya fito na yaron ne har abada. Mutum ba ya shan tasa, baƙo yake ba. Wanda kuwa ya sha daga itacenka ya shiga hurumin cibiyarka ke nan: ba ya ɗaga maka hannu, ba ya sa wa itacen gatari, ba ya tsayawa yana kallo wani ya sa. Da haka ake sulhu, da haka ake neman aure. Mijina Kalsei da kansa ya hau tasa ya tsinko mini, ya zamo a hanyar saukowa ya goge ƙirjinsa, na sha ne don tausayi, ga mu har yau.

Da can kowa a bayan ɗakinsa yake binne ta 'ya'yansa, aladu kuwa su bi su tone. Makon da aladen fasto ya tone cibiya uku, Apu ta yi rantsuwa an gama. Ta zaɓi wani shimfiɗaɗɗen fili tsakanin ƙauye da bakin rafi, ta kewaye shi da kirare, ta ce duk jaririn da ya fito ta hannunta a nan za a dasa shi, layi-layi, kowa a bayan wanda ya girme shi. Ni ce ta bakwai. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tana iya bin kurmin daga farko har ƙarshe tana kiran suna da sunan uwa da abin da ya faru a shekarar. Wannan layin na shekarar da sojojin Amurka suka cika gaɓar ruwa ne, wancan na shekarar guguwar da ta ɗauke rufin coci, wancan kuma na shekarar da ɓeraye suka cinye doya.

Hira take yi da itatuwan, faɗa ma tana yi musu. Akwai wani Kalmasei da ya tafi aikin ma'adinai a Numeya ya yi shekara biyu bai aiko wa uwarsa ko gaisuwa ba. Apu ta ɗauki sanda ta je ta tsaya gaban kwakwarsa, ta wanke ta tas, ta ƙara mata da bulala uku. Bayan mako biyu sai ga wasiƙa da yadin atamfa. Ni ban ce sandar ce ba, amma tun daga ranar samarinmu da ke Fila, babban birninmu, suka riƙa aiko da saƙo a kan kari.

An ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanda ya faɗi haka bai zo tsibirinmu ba. Mu Ingila da Faransa ne suka riƙe mu tare, kuma komai biyu-biyu ne: 'yan sanda iri biyu, asibiti biyu, gidan yari biyu, tuta biyu da ake auna sandunansu kada ɗaya ya ɗara ɗaya. Muna da Di'o na Ingilishi, muna da Kumandan na Faransi, kowa da motarsa da hularsa. Abin da ba mu da shi ko ɗaya shi ne takardar da ta ce mu 'yan wata ƙasa ne. Ingila ta ce mu ba nata ba ne, Faransa ta ce ita ma haka. Ba wanda ke rubuta haihuwarmu ko mutuwarmu. Shanun Masta Garno, mai babbar gonar da ke maƙwabtaka da mu, kowace da lamba a kunne, mu kuwa sai dai kurmin Apu.

Makaranta ma biyu ce. Ta mishan tana koyar da Ingilishi, yaranta da koriyar riga. Ta Faransi sabuwa ce, ginin siminti, yaranta da shuɗin wando, ba a biyan komai, ga burodi da madara da hantsi. Kowane gida mai hankali raba 'ya'yansa yake yi, don ba a san wanda zai riga tattara kayansa ya tafi ba. Ni ma haka na yi. 'Yata Leimas tana mishan, ƙanenta Kalpoi yana ta Faransi, kowa ya gaishe ni da safe da harshen malaminsa, in faɗa ya tashi kuma su koma namu. Makarantun nan biyu ƙirga kawunan yara suke yi kamar mai kiwon kaji da yamma, in ɗaya ta samu ƙarin yaro guda sai labari ya kai Fila.

Bayan cire doya na shekarar sittin da takwas muka wayi gari muka ga turaku masu jan kai a jere daga bakin rafi har teku. Safiyon gwamnati ne ya kafa su. Kurmin gaba ɗaya ya faɗa ɓangaren Masta Garno. Farashin busasshiyar kwakwa ya karye, ya koma kiwon shanu, kuma yana son fili mai laushi kusa da ruwa mai zurfi inda zai tara su ya loda a jirgi. Ya aiko da cewa bayan wata biyu za a kawo gatura da waya mai ƙaya. Yana da takarda. Kakansa ne ya sayi ƙasar da bindiga ɗaya da gatari biyu, daga rafi har iyakar ganin ido, a hannun wani mutum da tsofaffinmu suka ce ba ma ɗan garin ba ne, wucewa yake yi a kwalekwale aka kira shi ya dangwala yatsa.

Maza suka taru a zauren gari, mu mata muka tsaya daga waje muna jin komai, don bangon na kara ne. Mai gari Kalorong ya ce a kai ƙara kotun haɗin gwiwa. Wani ya tuna masa cewa ƙarar da ubansa ya kai kan gonar ayaba ta shekara talatin da ɗaya a can, alƙalin Ingila ya ce e, na Faransa ya ce a'a, kujerar na ukun da zai raba gardama kuma ta daɗe ba kowa a kanta. Samari suka ce a tuge turakun kawai. Nan take zancen ya koma kan wane gidan yari ya fi daɗin zama, wasu suka ce na Faransi ya fi abinci, wasu suka ce na Ingilishi ya fi tsabta da ƙarancin mari. Aka kwashe rabin yini a kan wannan.

Apu ta gaji. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, inda mace ba ta wucewa, ta ce su bar mata zancen a hannunta, abin da take so kawai alade biyu da doya da izinin yin biki. Kalorong, wanda tun suna yara ba sa ga maciji da juna, ya ji kunya mace ta katse shi a gaban mutane.

"Leisongi, koma wajen mata," in ji shi. "Zancen ƙasa ake yi. Ke me ya dame ki? Ko itace ɗaya ba ki da shi a ciki."

Ta cire lofen daga bakinta, ta duba cikinsa kamar mai neman wani abu.

"Gaskiyarka, Kalorong. Ba ni da ko ɗaya. Hannuna ne kawai ya haƙa rami ɗari biyu da goma sha ɗaya, shida daga ciki na 'ya'yanka ne. A ba ni aladun ko a hana ni?"

Aka ba ta. Washegari da safe na same ta tana sharar kurmi idanunta jawur, ta ce hayaƙin murhu ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce bari in je in gaya wa Kalorong abin da uwarsa ta manta ba ta gaya masa ba. Ta ce in ajiye bakina, akwai ranar da za ta buƙace shi, yanzu dai in je in kira mata malaman makarantun nan biyu, amma ba lokaci ɗaya ba.

Malamin mishan ta sa ya rubuta wa Di'o cewa mutanen Matarua za su yi bikin kwakwa ranar kaza, an gayyaci Kumandan zai kuma yi wa yara jawabi, in Di'o yana da sukuni shi ma ana maraba da shi. Malamin Faransi ta sa ya rubuta wa Kumandan irin wannan, aka juya sunayen. Da fasto ya ji ya zo yana mata wa'azi a kan ƙarya, ta ce ya nuna mata ƙaryar: duka biyun an gayyace su, duka biyun kuma za su yi jawabi, ko ya taɓa ganin Bature ya ga taro ya yi shiru? Masta Garno ma ta aika masa, ta ce maƙwabci ba a yin biki a bar shi.

An ce musu tsakar rana. Ƙarfe takwas na safe muka ji ƙugin motoci biyu, kowa ya yi sammako don ya riga ɗan'uwansa. A gadar rafi, wadda mota ɗaya take ɗauka, suka yi cirko-cirko suna wa juna ladabi na mugunta, kowa na cewa ɗayan ya fara wucewa, sannan kowa ya taka mai a lokaci guda. Ƙarshe dai da ƙafa suka ƙaraso. Di'o dogo ne mai gajeren wando, muna kiransa Jan Gwiwa. Kumandan gajere ne mai gashin baki da ke motsi kafin ya yi magana. Mun tanadi kujeru biyu iri ɗaya, da aka ga ƙafar ɗaya ta ɗan nutse cikin yashi sai ɗan sandan Faransi ya nemo dutse ya sa mata.

Apu ta sa an ajiye kujerun a tsakiyar fili, inda babu ko inuwar tsuntsu. Yaran mishan suka yi waƙa, na Faransi suka yi waƙa, na mishan suka ga an fi su tsawo suka ƙara ɗaya. Di'o ya yi jawabi, Kumandan ya duba agogo ya yi nasa daidai da minti. Aka buɗe ramin gashi, aka fito da laplap, wato gasasshen tuwon doya, da naman alade a cikin ganyen ayaba, turiri na tashi. Ni na daka wannan laplap ɗin, kuma bisa umarnin Apu na zuba masa gishirin da zai ishi uku. Ruwa kuwa ba a kawo ba. Duk wanda ya tambaya sai a ce yana tafe.

Rana ta take tsaka, Jan Gwiwa ya koma ja tun daga goshi, sannan Apu ta ce baƙi su taso a kai su inuwa. Kafin su iso kurmin kowa ya riga ya je ya tsaya a gindin itacensa. Mu manya a layukan gaba, samari a tsakiya, yara a baya kusa da gajerun itatuwa, jarirai a hannun iyayensu gefen tsiron da bai kai gwiwa ba. Wanda ke Fila ko Numeya, uwarsa ta ɗaura rigarsa a jikin itacen. Waɗanda suka mutu ba wanda ya tsaya musu, jan fure kawai aka ɗaura. Ni kaina da na san shirin, da na waiwaya na ga garinmu a jere cikin tsarin haihuwa sai da na sake waiwayawa. Masta Garno ya iso a kan dokinsa, ya tsaya can wajen turakunsa bai sauko ba.

Leimas ce ta fara. Ubanta ya tsinko daga itacenta, ya fasa kan, ta kai wa Di'o da hannu biyu. Ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga ƙasan ƙoƙon. Gashin bakin Kumandan ya fara rawa. Sai ga Kalpoi da tasa, wata yarinya mai shuɗin siket kuma ta biyo shi da tata, Kumandan ya shanye duka biyun. Magatakardan Di'o ya raɗa masa cewa an yi biyu da ɗaya, Di'o ya miƙa hannu. Kwakwarmu kuwa ba ƙanana ba ne, guda ɗaya tana cika tulun shayi.

Masta Garno a tsibirin aka haife shi, ya san abin da ake yi. Ya diro daga doki ya nufo Kumandan yana masa magana da sauri cikin harshensu, yana girgiza kai. Malamin Faransi ya gaya mana daga baya cewa Kumandan ya amsa masa da cewa ba zai tsaya yana kallo Ingila ta sha zumuncin mutanen nan ita kaɗai ba. Aka yi uku da uku, aka yi huɗu da huɗu. A ta biyar kowannensu yana sha yana hararar ɗayan ta saman ƙoƙo, yana addu'ar ɗan'uwansa ya fara ajiyewa. Apu ce ta ji tausayinsu ta ɗaga hannu.

Da Bislama ta yi magana, harshen da kowa a wurin yake ji, har su.

"Masta biyu, ƙishi ya tafi? Madalla. To abin da kuka sha, a ƙarƙashin kowane itace akwai cibiyar yaron da ya miƙo muku. Ku ba ku rubuta mu a littafinku ba, mu ba mu yi fushi ba, ga namu littafin. A al'adarmu wanda ya sha ba ya sara, ba ya kuma kallo a sara. Na san al'adarmu ba ta ɗaure Bature. Shi ya sa zan ƙara da lissafi, tunda shi kuke ji."

Ta ce masu shuɗin wando su ɗaga hannu. Talatin da takwas. Ta dubi Kumandan ta ce mai gatarin ɗan ƙasarsa ne, kuma babu uwar da za ta tura ɗanta makarantar waɗanda suka sare masa cibiya, ga shi kuwa ta ji an ce mishan akwai sauran wuri. Di'o ya zaro alƙalami fuskarsa fal murna, ya fara tambayar malamin mishan benci nawa za a ƙara. Ta bar shi ya rubuta, sannan ta juyo kansa.

"Kai kuma, Masta, kada ka yi saurin dariya. Safiyon da ya kafa turakun nan na ku biyu ne. Wayar ma an ce ba za a ja ta ba sai da sa hannunka kusa da nasa. Masu koriyar riga, hannu sama."

Arba'in da huɗu. Ta ce ranar da ya sa hannu, waɗannan duka za su koma inda ake ba da burodi da madara kyauta, dama iyayensu sun daɗe suna haɗiyar yawu. Yanzu gashin bakin Kumandan ne ya miƙe. Daga nan ta waiwayo ta ce mini ranar bakina ta zo. Na tambayi matan gari ko haka ne, suka amsa da murya ɗaya har tsuntsaye suka tashi daga kan itatuwa.

Turawan biyu suka ce za su ɗan keɓe su yi shawara. Sauri suke yi ƙwarai, kuma bayan wata duhuwar ayaba suka nufa, kowa ya san kwakwa biyar ba ta zama a ciki ta yi shiru. Mun ba su baya don ladabi. Abin da suka faɗa wa juna a can ba wanda ya ji, amma tsofaffinmu sun ce tun da aka kafa mulkin nan ba a taɓa ganin gwamnatocin biyu sun daidaita a kan abu cikin minti goma ba sai ranar.

Suka dawo suka ja Masta Garno gefe. Takardarsa ba su da ikon sokewa, wannan sai kotu, kotu kuwa sai jikokinmu. Amma waya ba za ta bi ta kurmi ba, za ta kewaye shi, ya nemi wani wurin lodin shanunsa. Ya yi ta faɗa yana dukan takalminsa da bulala, har ya gaji. Ya zo ya tsaya gaban Apu yana huci, ita kuwa ta miƙa masa kwakwa daga itacen autan Kalorong. Ya dube ta, ya dubi kwakwar, sai dariya ta ƙwace masa.

"Tsohuwa, kujerar nan ta uku da ke kotu, ke ya kamata a ɗora a kai. Kawo. Tunda an riga an yanka ni, kada ƙishi ma ya kashe ni."

Wayar tana nan har yau, ta taho a miƙe daga tudu, ta zo daidai kurmi ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Ita ce ma ta raba mu da ɓarnar aladu ta wannan gefen, Apu ta riƙa cewa Masta Garno ya yi mata shinge kyauta. Bayan wata guda Kumandan ya aiko da allo mai cewa wurin nan yana ƙarƙashin kariyarsa. Kafin mako ya zagayo na Di'o ya iso. Ɗan sanda ya zo da igiyar awo ya tabbatar tsayinsu ɗaya, mu kuma muka samu wurin shanya tabarmi.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, ana shirin zaɓen da zai kai mu ga 'yancin kai, aka aiko a rubuta sunan kowa da shekarunsa. Masu rubutun 'ya'yana ne, Leimas tana cika takardar Ingilishi, Kalpoi ta Faransi, don har lokacin komai biyu ne. Ba wanda ya san shekararsa, sai aka ɗauki tebur aka kai kurmi. Apu ta riƙa bin layi tana faɗin guguwa da ɓeraye da sojoji, su suna mayarwa lamba. Tsofaffin da suka girmi kurmin kowa ya nuna tsohon itacensa a bayan ɗaki. Cikin kwana biyu aka gama gari kaf, saura mutum ɗaya.

Leimas ta ɗago kai ta tambaye ta ita kuma wace shekara za a sa, kuma a ina aka haife ta. Apu ta yi dariyarta ta kullum, ta ce a rubuta an sauke ta tare da buhuna. Wannan karon ba wanda ya taya ta. Kalorong yana zaune a kan kututture, ya tsufa, ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa a ƙasa. Kunya ta kama ni har wuya. Shekara arba'in muna shiga kurmin nan muna fita, ba wanda ya taɓa lura cewa mai shi ba ta da wurin tsayawa a ciki.

Ranar da aka sauke tutoci biyu aka ɗaga ɗaya, muna saurare a rediyon coci, da aka gama sai Kalorong ya ce kowa ya bi shi. Ya sa aka je aka taho da Apu, tana ta mita an raba ta da tukunyarta. A bakin ƙofar kurmi, gaban layin farko, ya karɓi dagi ya fara haƙa da kansa, samari suka so su karɓa ya hana. Kwakwa mai tsiro tana ajiye a gefe. Apu ta tambaya wace ce ta haihu ba a kira ta ba.

Cibiyarta dai tana can Ambrim ƙarƙashin toka, in ma an binne ta. Don haka kowannenmu ya je gindin itacensa ya ɗebo ƙasa cike da tafin hannu, daga inda tasa cibiyar ta narke. Muka zo a jere, babba kafin ƙarami, kowa ya zuba a ramin. Mun haura ɗari uku a lokacin. Ni ce ta bakwai. Kafin a kai kan jarirai, waɗanda iyayensu ke buɗe musu 'yan yatsu, ƙasar ta yi tudu har sai da aka faɗaɗa ramin.

Apu ta tsaya tana kallo. Kalorong ya miƙa mata kwakwar ya ce ta dasa, don duk garin ba wanda ya iya kamar ita. Ta karɓa, ta juya ta, ta duba tsiron, ta durƙusa da ƙyar.

"Ramin bai yi zurfi ba," in ji ta. "Shekara saba'in kana cin doya, rami ɗaya ya gagare ka."

Ta gyara shi da hannunta, ta zaunar da kwakwar, ta danna ƙasa a kewaye da tafin hannu yadda ta yi mana duka. Ta daɗe a durƙushe hannunta a kan ƙasar. Da ta miƙe ta share fuska da gefen zane, ba ta ce hayaƙi ne ba. Ta kira Leimas ta ce ta je ta nemo takardar nan ta gyara, ta rubuta Matarua, ta rubuta yau.

"Kuma ku sani, yanzu ni ce autar garin nan. Duk kun girme ni. Wanda ya dafa abu mai daɗi, a fara kawo wa jaririya."